Bashin Laka

Tun ladanin Samaru bai sauke murya ba
na tarar da karfasa sun taso saman Kubanni,
baki buɗe, suna lasar iska
kamar masu roƙon abin da ruwa ya hana su.
Barau bai jefa birgi ba.
Ya dafa ƙugu, ya ce:
wanda ya mutu da kansa ba na kasuwa ba ne.

Ruwan ya yi kauri, ya yi kore kamar miyar kuka.
Nan na koyi iyo.
A da, in na tsaya iya ƙirji,
ina ƙirga yatsun ƙafata har goma.

Ruwa ba ya tsami banza, haka muka ce,
sai muka shiga neman mai laifi a tudu.
Muka zargi masu wanki,
muka zargi kwatar da ke gangarowa daga gari,
muka je lambun Jatau da fushi.
Ya kifa mana buhu, ko ƙwaya ba ta faɗo ba:
shekara uku rabona da takin zamani,
tsada ta raba mu, ku nemi wani.

Ran Laraba Malama Lantana ta zo daga jami'a
da bututu mai haske a kafaɗa.
Barau ya tuƙa ta zuwa tsakiya,
inda gora har yanzu ke taɓa ƙasa.
Ta soka, ta toshe, ta zaro
laka kamu ɗaya, baƙa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai,
ta ɗaga ta a rana tana karantawa da ɗan yatsa.

Ga damunar bara.
Ga ta bara waccan, siririya, ba a yi ruwa sosai ba.
Ga kumfar sabulu, ga kashin shanun rani.
Wannan mai kaurin kuwa
shekarun da taki ya yi araha ne.

Ta ce laka ma'aji ce, ba makabarta ba.
Muddin akwai numfashi a gindin ruwa,
tsatsar da ke cikinta tana damƙe da ajiyar.
In bazara ta yi zafi, iska ta kwanta,
ƙasa ta rasa numfashi,
sai tsatsa ta buɗe hannu.
Abin da aka binne ya taso,
kore ya ci ya ƙoshi da rana,
da dare ya shaƙe kifi.
Tafkin da ba shi da zurfi, in ji ta,
ko tarwaɗa ta yi juyi sai ta tona masa asiri.

Ban ce komai ba.
Gonar babana ce a wancan gangaren.
Ni nake bin kunya da kwano, ina ɗan shekara goma,
ina zuba wa masara hannu biyu inda aka ce ɗaya
don in gama in tafi ƙwallo.
Da dare hadari ya zo ya kwashe.
Na ɗauka ya tafi Galma, ya bar ƙasar.
Ashe nan ya kwanta, yana jirana in yi furfura.

Bashi hanji ne.
Ashe tafki ma yana da ciki.

Jiya 'yata Asabe ta kurɓi ruwan randa
ta ce, Baba, yana warin ƙasa.
Na jefa alam, muka zauna muna kallo.

Yanzu muna dasa jema a bakin gaɓa,
ni da Jatau, layi biyu, don ta tare abin da ke gangarowa.
Na tambayi Malama yaushe za a sake ganin ƙasa.
Ta dubi bututun, ta dubi Asabe,
ta ce: ku dai ku koya mata iyo.